Yadda Ake Tsara Cin Abinci Irin Na Mutanen Italiya Don Samun Lafiya

A farkon shekarun 1950 wani masani ɗan Amurka, Ancel Keys, ya je birnin Napoli da ke kudancin Italiya, ya tarar da abin da ya ɗaure masa kai. A ƙasarsu ciwon zuciya na ta kwasar magidanta masu hali, alhali leburori da talakawan Napoli da wuya a ga mai ciwon a cikinsu. Da ya duba abin da suke ci, sai ya ga taliya da miyar tumatir, wake, ganye, burodi, man zaitun da 'ya'yan itace. Nama kuwa sai jifa-jifa. Shi ne ya jagoranci binciken ƙasashe bakwai kan alaƙar abinci da ciwon zuciya, wanda aka fara a 1958, daga baya ya yi gida a ƙauyen Pioppi na yankin Cilento, ya rasu a 2004 yana da shekara 100. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya tsarin abincin yankin Bahar Rum cikin al'adun gado na duniya.

Sai dai a yi hattara. Abin da Keys ya gani ba fiza mai ambaliyar cuku ba ce, ba kuma taliyar da aka dama da kirim a gidajen abinci masu tsada ba. Girkin talaka ne. Jihar Campania, inda Napoli da Pioppi suke, yanzu tana cikin wuraren da ƙibar yara ta fi yawa a Italiya, tun da lemun kwalba da kayan leda suka kori girkin kaka. Tsohon tsarin nan za mu bi mataki-mataki, kuma kusan duk kayansa akwai su a kasuwar unguwa.

Mataki na farko: a auna kafin a zuba a tukunya

Ma'aunin da masana abinci na Italiya suka tsayar shi ne giram 80 na busasshiyar taliya ga babban mutum a cin abinci ɗaya. Shinkafa ma giram 80. Burodi giram 50. Wato ledar taliya mai giram 500 rabon mutum shida ce, ba uku ba. Wanda ya saba cika faranti taf zai ce wannan ai rowa ce, amma a Italiya taliya buɗe fage take yi, wani abu na biye da ita, shi ya sa ba a barin ta cinye wurin.

In babu sikeli a gida, da an buɗe leda a raba taliyar kashi shida, a ɗaure kowane kashi da kyauro. Ga shinkafa, gwangwanin madara ɗaya ya kusa rabon mutum biyu. Mai aikin ƙarfi, da mai shayarwa, da yaro mai tasowa, a ƙara musu. Mai wuni a kan kujerar ofis ko shago kuwa ba shi da hujja.

Mataki na biyu: a sauke taliya da sauran ƙarfinta

A sa ruwa lita ɗaya ga kowane giram 100. A bari ya tafasa sosai, a zuba gishiri. A al'adarsu giram 10 suke sawa a lita, amma rabin haka ya wadatar, musamman a gidan da ke da mai hawan jini. A zuba taliyar, a juya ta a minti na farko don kada ta manne. Ba a zuba mai a ruwan, asara ce kawai, kuma yana hana miya kama jikin taliyar.

A duba mintunan da aka rubuta a jikin leda, a rage biyu. A ciro sili ɗaya a ciza: in ta yi laushi a waje amma tsakiyarta na ɗan turjiya a haƙori, ta yi. Wannan suke kira al dente, kuma ba yanga ba ce. Taliyar da ba ta caɓe ba jiki na narkar da ita a hankali, suga ba ya hawa jini da sauri, yunwa kuma ba ta dawowa da wuri. Irin alkamar ma tana da tasiri. Tun 1967 doka ta wajabta cewa busasshiyar taliyar da ake yi a Italiya don sayarwa a ƙasar a yi ta da alkama mai tauri da ake kira durum, don haka in za a saya a duba ko an rubuta durum ko semolina a ledar.

Kafin a tsane, a ɗebi kofi ɗaya na ruwan dahuwar a ajiye. Kada a ɗauraye taliyar da ruwan sanyi. A juye ta cikin kaskon miya, a ƙara ɗan ruwan nan, a yi ta juyawa a kan wuta minti ɗaya ko biyu. Sitacin da ke cikin ruwan shi ke haɗa miya da taliya har su yi sheƙi, ba tare da an ƙara mai ba.

Mataki na uku: miya mai ɗan mai

Ga miyar tumatir ta mutum huɗu. A zuba mai cokali uku manya a kasko, wuta ƙasa-ƙasa. A farfasa tafarnuwa ƙwaya biyu a sa, in ta fara ƙamshi kafin ta yi ja a zuba nunannen tumatir kamar rabin kilo da aka yanka ko aka jajjaga. Gishiri ɗan kaɗan. A bar shi minti 20, ana juyawa, har ruwan ya ja. A ƙarshe a yayyaga ganyen ɗoɗɗoya da hannu a watsa. Mai son yaji ya sa attaruhu ɗaya, mutanen Kalabiriya da ke kudancin Italiya ma ba sa girki babu barkono.

In miyar za ta daɗe a wuta, ko ta wake ce, ana fara ta da abin da suke kira soffritto: albasa, karas da seleri a yanka ƙanana-ƙanana, a sulala su a mai minti 10 a wuta mai sanyi har su yi laushi su fitar da zaƙinsu. Daga nan ɗanɗanon miyar ke fitowa. Wanda ya iya wannan zai ga ya rage dunƙule da kansa, domin dunƙulen nan galibinsa gishiri ne, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a wuni, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin burodi da dunƙule. Kada a yanke shi rana ɗaya, iyali za su yi bore. In ana sa huɗu a koma uku, bayan mako biyu a koma biyu. Harshe na sabawa.

Mun saba cewa sai mai ya taso ya rufe kan miya sannan ta soyu. A ganina nan ne babban bambanci tsakanin tukunyarmu da tasu, ba a nau'in kayan ba. Tumatir na bukatar ɗan mai, domin da shi jiki ya fi tsotsar sinadarin da ke sa shi ja, amma cokali uku sun yi wannan aiki.

Mataki na huɗu: wake ya zama ginshiƙi

In da abu ɗaya za a ɗauka daga Italiya, to wannan ne. Tun kafin jiragen ruwa su kawo waken Amurka a ƙarni na 16, cikin waken da Italiyawa suka sani akwai farin wake mai baƙin ido, wanda asalinsa Afirka ne, irin dai wanda Nijeriya da Nijar suka fi kowace ƙasa nomawa a yau. Har yanzu ana dafa shi a Toskana. Don haka wanda ya zuba namu wake a girkin Italiya bai yi kwaskwarima ba.

Kusan kowace jiha tana da nata haɗin wake da hatsi. A Napoli da Veneto taliya da wake ne, pasta e fagioli. A Roma taliya da ceci, wani wake mai siffar gujjiya. A Fuliya ana dama busasshen wake har ya yi laushi lugub a ci da ganye mai ɗaci. A Toskana akwai ribollita, miyar wake da baƙin kabeji da ragowar burodin jiya, wadda ake sake ɗumamawa washegari. Hikimar ita ce abin da hatsi ya rasa na sinadarin gina jiki wake na da shi, abin da wake ya rasa hatsi na da shi. Italiya ta ɗanɗana kuɗar rashin wannan haɗi. A ƙarni na 18 da na 19 manoman Veneto da Lombardiya da talauci ya sa suka dogara da tuwon masara da suke kira polenta, safe da dare ba mahaɗi, cutar felagira ta addabe su: fata ta yi ta saɓa, ga gudawa, ga taɓin hankali, duk saboda ƙarancin bitamin B3. Gidan da tuwon masara ne abincin kullum ya kula da wannan.

Ga yadda ake taliya da wake irin tasu, ta mutum huɗu:

A jiƙa busasshen wake giram 200 tun dare, da safe a zubar da ruwan. A dafa shi a sabon ruwa har ya yi laushi, ba kanwa. Jiƙon ya riga ya rage lokacin dahuwa, ita kuwa kanwa tana kashe wasu bitamin. A wata tukunyar a yi soffritto da mai cokali biyu, a sa tumatir biyu ko uku. A juye waken da ruwansa a ciki. A ɗebi ludayi biyu na waken a murƙushe da bayan cokali a mayar, shi zai ba da kauri. A karya taliya giram 200 gutsi-gutsi, ko a sa ƙananan makaroni, a zuba kai tsaye cikin waken, ba a dafa ta daban. A riƙa juyawa don tana son kamun gindin tukunya, in ruwa ya ja a ƙara tafasasshe kaɗan-kaɗan. A sauke tana da sauran ƙarfi, a rufe minti 5. Ba miya ce tsululu ba, ba kuma busasshiya ba, sai cokali ya iya ɗaukar ta. A faranti a ɗiga ɗanyen mai cokalin shayi ɗaya da masoro.

A lura an rage taliya zuwa giram 50 ga mutum, wake ya cike gurbin. Wannan kwano ba ya bukatar nama. A yi shi, ko wani ɗan'uwansa, sau uku a mako. Wanda wake ke kumbura wa ciki ya fara da kaɗan, hanji na sabawa cikin makonni.

Mataki na biyar: ganye da nasa farantin

A teburin Italiya akwai abin da ake kira contorno, wato kayan lambu a faranti daban kusa da nama ko kifi. Ba ado ba ne, rabo ne cikakke: giram 200 na dafaffe, ko giram 80 na ɗanyen latas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace kullum.

Dabara ɗaya ta isa kowane irin ganye. A wanke shi sosai, a jefa a tafasasshen ruwa minti biyu zuwa uku, a tsane a matse. A ɗora kasko da mai cokali ɗaya, tafarnuwa da ɗan barkono, a zuba ganyen a juya minti uku, a matsa lemun tsami. Su da cicoria, wani ganye mai ɗaci, da alayyahu suke yi. Alayyahu, kabeji da ganyen wake duk sun dace, zogale da rama sai an ƙara musu lokacin tafasa. A Fuliya har sauƙaƙa wa kansu suke yi: a tukunya ɗaya ake dafa ganyen da taliyar, a tsane su tare, a juye a kaskon tafarnuwa.

Yalo, kabewa, tattasai da albasa kuwa a yanka a gasa, a ɗiga mai bayan an sauke. Salak ɗinsu mai ne da gishiri da ɗan tsami kawai. Bama da madarar salak da muke lafta wa latas har ya nutse ba sa cikin lissafi.

Mataki na shida: nama ya koma baƙo

Rabon nama giram 100 ne, kifi giram 150. Jan nama sau ɗaya a mako ya isa, kaza sau ɗaya ko biyu, kifi sau biyu ko uku, ƙwai biyu zuwa huɗu, sauran kwanaki wake. Mutanen Roma na da tsohuwar al'adar raba kwanaki: Alhamis gnocchi, wato 'yan curin dankali da fulawa, Juma'a kifi, Asabar tumbi. Kifin da talakan kudu ke ci ba mai tsada ba ne, sardin ne da ƙananan kifaye masu mai, waɗanda su ne ma suka fi amfanar zuciya. A gasa ko a dafa cikin tumatir, a rage suya a mai mai yawa.

Abu biyu a girkin Italiya ba namu ba ne, kuma barin su riba ce. Naman alade da aka sarrafa, irin su prosciutto, pancetta da salame, haramun ne ga Musulmi, ga gishiri kamar me, kuma a 2015 hukumar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sarrafaffen nama cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji. Wanda ya je Italiya ya riƙa tambaya, domin akan sa shi a miyar wake, akan kuma sa kitsen alade mai suna strutto a wasu burodi. Sai giya. An daɗe ana yayata cewa kofin jan giya na gyara zuciya, amma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu adadin giya da ba ya cutarwa. Inda girki ya ce a zuba ta, a sa romo da ɗan lemun tsami.

Cuku ana barbaɗa shi ne, cokali ɗaya. Wanda bai samu ba ya yi dabarar talakawan Sisili: a daka busasshen burodi, a soya sama-sama da ɗan mai da tafarnuwa har ya yi ƙaras-ƙaras, a barbaɗa a kan taliya.

Mataki na bakwai: mai

Man zaitun mai daraja shi ne wanda aka rubuta extra vergine a kwalbarsa, tatsar inji ba tare da sinadari ba. Zafi da haske na lalata shi, don haka a sayi ƙaramar kwalba mai duhu, a ajiye nesa da murhu. Yana da tsada, kuma jabu ya yi yawa. Shawarata ita ce a yi girki da man gyaɗa mai kyau, wanda shi ma mafi yawan kitsensa irin na zaitun ne, a ajiye na zaitun don ɗigawa ɗanye a kan abinci. Kowanne ne dai, a auna da cokali, kada a tuntsura galan. Cokali uku ga mutum a wuni ya kai maƙura, mai lafiya ma mai ne, yana sa ƙiba.

Mataki na takwas: a zauna, a bi jeri

Cikakken abincin rana a Italiya yana da jeri: primo, wato taliya, shinkafa ko miya, secondo, nama, kifi ko ƙwai, tare da contorno, sai 'ya'yan itace, sai ɗan ƙaramin kofi. Ba kullum ake yin duka ba, wannan na Lahadi ne da biki. A ranakun aiki yawanci taliya da ganye da rana, da dare kifi ko ƙwai da ganye da ɗan burodi. Amfanin jerin shi ne jinkiri. Saƙon ƙoshi na ɗaukar kamar minti 20 kafin ya kai ƙwaƙwalwa, wanda kuwa ya tara komai a faranti ɗaya ya share cikin minti bakwai, ya wuce ƙoshi bai sani ba.

A gida ba sai an tara kwanukan wanke-wanke ba. A fara kawo ganye ko salak, a cinye, sannan a kawo taliyar. A zuba wa kowa rabonsa a bar tukunya a kicin. A kashe talabijin, a ajiye waya. Abin sha ruwa ne. Abin rufewa lemu, gwanda, kankana, mangwaro ko goba, duk wanda lokacinsa ne, a ci shi ɗanye ba a matse ba. Kek da alawa su zama na rana ɗaya a mako, kamar yadda iyalan Italiya suka saba sayo kayan zaƙi ranar Lahadi. Tsakanin abinci ba a ciye-ciye, sai yara da ke da merenda da la'asar, wadda a da burodi ce da aka goga wa tumatir aka ɗiga mai.

Italiyawa sun ɗauki zaman cin abinci da muhimmanci har ya zama fafutuka. Buɗe shagon McDonald's kusa da dandalin Piazza di Spagna a Roma a 1986 ne ya tunzura Carlo Petrini da abokansa suka kafa ƙungiyar da ta zama Slow Food, wato cin abinci a natse, mai alamar dodon koɗi.

Karin kumallonsu kam kada a kwaikwaya. Kofi da madara da biskit ko burodi mai zaƙi suke ci, a tsaye ma sau da yawa. Kunun gero ko na gyaɗa mai ƙarancin suga da ƙosai ko alale ya fi shi nesa ba kusa ba.

Mataki na tara: a taka bayan an ci

Da yamma a garuruwan Italiya mutane kan fito su yi tattaki a babban titi, passeggiata, ba gudu ba gumi, ana tafe ana gaisawa. A duwatsun Ogliastra na tsibirin Sardiniya, inda aka yi suna da tsofaffin maza masu haura shekara 100, makiyaya ne da suka yi rayuwarsu suna hawa da sauka a ƙafa. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci na rage hawan suga a jini. Wanda ya ci abincin dare bayan magariba ya taka zuwa masallaci mai ɗan nisa don sallar isha'i ya riga ya samu rabonsa.

Mataki na goma: cefane da farawa

A sayi abin da ke kakarsa, shi ya fi araha ya fi ɗanɗano. A kudancin Italiya iyali kan taru a watan Agusta, lokacin da tumatir ya yi arha, su dafa shi su tace su ɗura a kwalabe su tafasa kwalaben, ya kai su shekara. A Sisili da Fuliya kuma shanya shi suke yi a rana, abin da muka sani da kauɗa. In za a shanya a gida, a yi a kan gado ko tire da aka lulluɓe da raga, ba a ƙasa bakin titi ba.

Kada a ɗauki matakan nan duka lokaci ɗaya. Makon farko a raba ledar taliya shida, a auna mai da cokali. Mako na biyu a shigo da wake sau uku da farantin ganye kullum. Na uku a fitar da lemun kwalba daga tebur, a rage dunƙule. Maigidan da ke yin cefane ya shiga cikin shawarar tun farko, in ba haka ba zai ga nama ya ragu a kwano ya ɗauka kuɗinsa ake ci. Kuɗin da aka rage daga nama da lemo shi za a mayar kan kifi da 'ya'yan itace.

Mai ciwon suga da ke shan magani ko yin allura ya sanar da likitansa kafin ya rage yawan taliya da shinkafa, domin suga na iya faɗuwa ƙasa in ba a daidaita maganin ba. Mai ciwon ƙoda kuma kada ya ƙara wake, tumatir da ganye sai an gwada jininsa an ba shi izini.